Hoton Surukata

Da shanu na fara koyon ɗaukar hoto, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ƙanena ne ya zo hutu daga Legas da wata baƙar kyamara mai nauyi, da zai koma ya bar mini ita, ya ce in riƙa ɗaukar yara ina tura masa. Ni kuwa malamin dabbobi ne. Duk ranar Juma'a tun da safe ina kara, kasuwar shanunmu ta Wudil, ina duba baki da kofato. Wata Juma'a na rataya kyamarar a wuya don dai a gan ni da ita. Sai wani dillali ya tare ni, ya ce in ɗaukar masa wani bijimi zai tura wa mai saye a kudu, domin wayarsa mayar da farin sa take yi ruwan toka. Na ɗauka. Kafin la'asar an loda bijimin a mota. Daga ranar aka san ni da mai hoton shanu.

Na kuwa ƙware. Na san inda ake tsayawa tozo ya fito sosai, na san yadda ake jiran sa ya ɗago kai ƙahonsa ya cika hoto. Har na fara jin kaina. Ranar wata ƙaramar Sallah na ce wa maiɗakina ta shirya in ɗauke ta. Ta sha kwalliya, ta kafa ɗauri, na tsayar da ita a tsakar gida cikin rana, na koma gefenta kamar yadda na saba, na ce ta ɗaga kai. Da na nuna mata, ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, "ni kuma wa za ka tura wa a kudu?"

"Kamar yaya?"

"Ka ɗauko ni ta gefe, wuya a miƙe, ido a runtse. Saura ka buɗe bakina ka duba haƙora."

Washegari na nufi shagon wani tsoho mai hoto da ke kusa da gada. Babarbare ne, da zanen gadonsa jere a kumatu, ga dogon baki a wasa, kowa Baba yake ce masa. Shagon nasa na nan yadda na san shi tun ina yaro: labule mai zanen bene da jirgin sama, furannin roba a tulu, da wata kujera mai hannu wadda rabin garin nan suka taɓa zama a kai. Tun da wayoyi suka yawaita masu zuwa suka ragu, sai 'yan hoton fasfo, don haka yana da lokaci, kuma yana da abin faɗa. Ya karɓi kyamarata ya yi ta wuce hotuna da babban yatsa.

"Shanunka duk suna cikin walwala," ya ce. "Mutanenka kuwa kamar an gurfanar da su gaban alƙali. Zauna can."

Na zauna a kujerar mai hannu. Ya ɗaga kyamara ya saita ni, ya ƙi dannawa. Cikin ɗan lokaci na ji leɓɓana sun rasa inda za su tsaya. Hannuwana suka yi mini yawa, na ɗora su a gwiwa, na sauke, na haɗa su. Na gwada murmushi, na ji kumatuna suna rawa. Sai ya sauke kyamarar ya tambaye ni wane sa ne ya taɓa harbina mafi zafi. Na fara ba shi labarin wani jan bijimi daga Ɗankaza, ina nuna masa cinyata, sai na ji ƙyas. Ya juyo mini da allon. Karo na farko ke nan da na ga kaina a hoto na gane ni ne.

"Ka ji abin da suke ji?" ya ce. "To, kada ka manta. Sa bai san ana ɗaukarsa ba. Mutum ya sani, shi ya sa sai ka ba shi wani abin tunani daban."

Haka na riƙa zuwa wurinsa bayan tashi aiki. Ya hana ni tsayar da mutum a tsakiyar rana. Ya nuna mini hasken bakin ƙofa, inda mutum yake cikin inuwa amma fuskarsa tana shan hasken waje. Ya koya mini in duba bayan mutum kafin in duba fuskarsa, saboda na taɓa ɗaukar mai shayin bakin tasha da turken lantarki ya tsiro masa a tsakar kai. Ya ce in durƙusa idan mutum yana zaune, idon kyamara ya yi daidai da nasa. Sama da komai, ya ce in yi magana. Na yi ta gwaji a kan masunta a bakin kogi, da telan unguwarmu, da limamin masallacinmu wanda bai saki fuska ba sai da na tambaye shi labarin tattabarunsa. Maiɗakina ma ta sake ba ni dama, wannan karon har ta ɗora hoton a wayarta.

Ita ce kuma ta jawo mini aikin da ya fi ƙarfina. Wata rana muna cin abinci ta ce yayyenta sun yi shawara, suna son babban hoton Inna, mahaifiyarsu, a sa a firam. Hoton da take da shi a duniya na katin zaɓe ne, shi ma idonta a rufe.

"Sun ce tunda muna da mai hoto a gida, ba sai an nemo bare ba."

Na ajiye cokali. Inna Bafulatana ce ta Achika, mai fulako na gaske. Tun da na auri autarta, yaranmu har sun shiga sakandare, ban taɓa ganin fuskarta gaba ɗaya ba. Idan na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake cire takalmi in tsuguna, kaina a ƙasa, ita tana ciki bayan labule tana amsawa da murya kamar ta mai raɗa. In muka yi kiciɓis a tsakar gida, ita ta ja mayafi ta yi gabas, ni in yi yamma. Ƙafafunta kam na san su. Na san lallenta, na san wani ɗan tabo a babban yatsanta na hagu, na san duk takalman da ta yi. Da hoton ƙafa ake so, da ko kyamara ba na bukata.

"Inna ta yarda?" na tambaya, ina fatan a ce a'a.

"Ta ce tunda yara sun matsa."

Muka hau babur ranar Asabar, bayan an yi girbi, gero a ɗaure dami-dami a bakin hanya. Muka isa, na tsuguna, muka yi gaisuwa mai tsawo: gajiya, iyali, aiki, shanu, jama'ar Wudil, sannan muka sake komawa kan gajiya. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Inna ta fito cikin sabon zane ta zauna, ta zuba wa ƙasa ido. Ni ma na zuba wa ƙasa ido. Maiɗakina ta tsaya a tsakaninmu kamar tafinta, alhali da na miƙa hannu zan taɓa bakin tabarmar.

"Ki ce wa Inna ta ɗan ɗago," na ce.

"Inna, ya ce ki ɗan ɗago."

"Ki ce masa na ɗago."

Ba ta ɗago ba. Na yi ta maza na kai kyamara ido. Tana jin motsina ta ja mayafi har haɓa. Ina ganin haka kunya ta kama ni, na sauke kai, yatsana ya danna shi kaɗai. Na tuna Baba ya ce a yi magana, na lalubi abin da mutum zai faɗa wa surukarsa don ta saki jiki, ban samu komai ba sai, "Ya gajiya?" Ta ce, ta bakin 'yarta, babu gajiya. Haka muka yi ta yi har rana ta karkata.

Da na kai wa Baba abin da na samo, ya yi dariya har da tari. Akwai mayafi daga gaba, akwai mayafi daga gefe. Akwai kunne guda da ɗan kunnensa. Akwai wata kaza da ta ratsa, ita ce ma ta fi kowa fitowa. Ƙafafun Inna kuwa sun fito tangaran.

"Ba komai," ya ce yana share hawaye. Ya buɗe wata tsohuwar akwati ya ɗauko dogon gilashi mai jawo nesa kusa, ya ɗaura wa kyamarata. "Wanda ba ya son ido, daga nesa ake ɗaukarsa. Ka samu wuri ka tsaya tana harkarta."

Asabar ta gaba na koma. Na ajiye babur a bakin gari, na zagaya ta bayan gida, na tsuguna a bayan rumbu. Maiɗakina ta riga ni zuwa, ita kaɗai ta san ina nan. Inna na tsakar gida tana shiƙar gero, mayafi a kafaɗa, ta ba ni baya. Na saita, ina jira ta juyo. Abin da ban sani ba shi ne, inuwar rumbun nan wurin hutun ragon gidan ne, kuma bai ba ni aro ba. Ban ji zuwansa ba. Sai dai na ji an ɗaga ni ta baya. Na fito daga bayan rumbu da rarrafe, na ɗaga kyamara sama da hannu ɗaya kamar mai ƙetare kogi da jariri, na zo na zube daidai gaban ƙafafun da na sani.

Malamin dabbobi guda, rago ya kayar a gidan surukai. Inna ta yi wuf ta rufe fuska. Ina kwance ina ganin kafaɗunta suna girgiza, ba sauti. Maiɗakina kuwa ba ta ɓoye tata ba, har zama ta yi a kan turmi. Da Inna ta samu numfashi sai ta ce:

"Ki tambaye shi ko ya ji ciwo."

"Ban ji ba," na ce wa ƙasa.

"To, alhamdu lillahi. Ki kuma gaya masa, hoto na yarda a yi, amma ba na laɓe ba. Ni ba kurciya ba ce."

Na dawo Wudil a tsaye kan babur, don zama bai yiwu ba. Baba ya saurari labarin, wannan karon ya rage dariya.

"Ta fi mu gaskiya," ya ce. "Shawarata ce, kuma ba ta yi ba. Wanda ya ba ka izini ba a yi masa sata. Wai ma 'yar ina ce tsohuwar nan?"

"Bafulatanar Achika ce."

Ya miƙe tsaye, ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Bafulatana? Shi ne ka yi ta wahala ba ka faɗa ba? Ai kayana ce. Ranar Asabar ka biyo ka ɗauke ni. Kuma ka cire wannan dogon gilashin, ka mayar da naka."

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, inda suka haɗu sai sun taɓa juna, babba ko yaro, ba fushi. Amma ban taɓa kawo Inna cikin wannan lissafin ba. A zatona ita ko da sauro ba ta ɗaga murya.

Na aika aka gaya mata zan zo da malamina, in ta amince mu sake gwadawa. Ta ce Allah ya kawo mu. Muka isa da hantsi, maiɗakina ta riga mu zuwa. Ni na cire takalmi na tsuguna a inda na saba. Baba kuwa ya yi sallama da ƙarfi, ya shige har tsakar gida yana gyara babbar riga.

"Ina Bafulatanar gidan nan? A gaya mata ubangidanta ya iso daga Barno, ta fito da nono!"

Sai na ji wata murya daga ɗaki, ƙaƙƙarfa, mai zaƙi, wadda ban taɓa ji ba:

"Wane ne ya sako mana Babarbare ba igiya?"

Labule ya ɗaga. Inna ta fito da ƙwarya a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, bawan Allah. Wa ya yi maka wannan aikin a fuska? Kaza ce ta yi tono?"

"Wannan rubutun sarauta ne, ba ki iya karatu ba," in ji Baba. "Ku da kuka bi wutsiyar saniya har kuka manta hanyar garinku."

"Saniyar ce dai ta kawo ka. Ko gaisuwa ba ka gama ba kana tambayar nono."

Ta zauna a bakin ƙofarta ta fara dama fura. Baba ya ja kujera 'yar tsugune, ya matsa nan, ya matsa can, sannan ya zauna a wani wuri da dole sai ta juyo wajen haske in za ta ba shi amsa. Daga baya da na yaba masa wannan dabara, ya rantse shi inuwa kawai yake bi. Har yau ban san gaskiyar ba, don daga lokacin da aka miƙa masa ludayi bai ƙara waiwayata ba.

Ni ina tsugune gefe, kaina a sunkuye, kyamara a kan gwiwa. Na san in na kai ta ido komai zai lalace, kuma ni kaina ba zan iya ba. Ina wasa da ita a hannu sai yatsana ya taɓa gefen allonta, na tuna ashe allon yana ɗagowa ya kalli sama. Na ɗago shi. Kaina yana ƙasa yadda ya kamata suruki ya yi, idon kyamara yana kallon bakin ƙofa, ga Inna a tafin hannuna.

Na daɗe ban danna ba. Tana da wushirya, irin ta maiɗakina sak. Tana da ɗan zane shuɗi a gefen baki, da dogon hanci, da idanu masu haske waɗanda suke ƙanƙancewa kafin ta saki magana, yadda babbar 'yata take yi in za ta tsokani ƙannenta. Shekara da shekaru ina zaune da wannan fuskar a gidana, a rarrabe a jikin mutanen da nake ƙauna, ban san daga inda aka ɗebo ta ba. Na duba bayanta, ba turke ba kaza, sai duhun ɗaki mai laushi. Na fara dannawa.

"Furar nan ba sukari," Baba yana cewa.

"Wanda ya saba da kanwa me ya sani game da sukari?"

"Da a Barno ne, da wannan nonon wanke ƙwarya za a yi da shi."

"Shi ya sa ka kusa cinye ludayin."

Ta tuntsire da dariya, kai a baya, ludayi a sama. Na danna. Ta nuna shi da yatsa. Na danna. Can sai dariyar ta lafa, ta juyo a hankali ta dubi idon kyamarar kai tsaye, da sauran murmushi a bakinta. A allon, idonta yana cikin nawa. Ba ta kawar ba, ni ma ban kawar ba, tunda a ƙa'ida ni gwiwata nake kallo. Na danna sau ɗaya. Sai ta ja mayafinta ta gyara, ta kira 'yarta.

"Ki tambayi maigidanki ko ya samu abin da yake nema. Tun ɗazu nake jin abin yana ƙyas-ƙyas, kuma bakina ya gaji da Babarbaren nan."

"Na samu, Inna," na ce. "Allah ya ƙara girma."

Sai da maganar ta fita na lura ban bi ta kan tafinta ba. Ita ma ta ce, "Amin," ba ta aiko kowa ba.

A shago muka yi ta musu da Baba kan wanda za a wanke. Shi ya nace sai wani da gefen fuskarsa ya shigo, da fura a gemu, wai shi ne ya fi rai. Ni na tsaya a kan na ƙarshen. Muka kira maiɗakina ta raba gardama. Ta kalli na ƙarshen, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta zaɓi wani daban, wanda Inna take dariya da ludayi a sama.

"Wancan naka ne, ka ajiye," ta ce mini. "Wannan ita ce Innar da muka sani."

Na kai aka wanke shi babba a Kano, aka sa firam. Ranar da muka kai, 'ya'yanta da jikoki suka taru. Aka jingina shi a bango, aka kira ta. An ce ta daɗe a tsaye, tana shafa gilashin da yatsa. Ni ina waje, amma na ji abin da ta ce.

"Wannan tsohuwar da gani ta cika surutu. Ashe haka na tsufa ba wanda ya gaya mini?"

Sannan ta aiko a tambaye ni ko akwai na Babarbaren, mai fura a gemu. Ta ce tana so a kafa mata shi a gona baɗi, tsuntsaye sun dame ta. Da na isar da saƙon, Baba ya ji daɗi ƙwarai. Da kansa ya wanke hoton ya ba ni in kai, ya ce in gaya mata ko a gona ne dai ya zama mai gadin dukiyarta, kuma mai gadi da rabonsa.

An rataye hoton Inna a ɗakin baƙi na babban ɗanta, inda ake sauke ni in na je. Zuwana na farko bayan haka, na shiga na zauna, na ɗaga kai don in gaisa da aikina, sai na ga bayan firam, katako da igiya. An juya fuskar tana kallon bango. Da maiɗakina ta shigo da abinci na nuna mata da haɓa.

"Inna ce ta sa," ta ce tana ajiye kwano. "Ta ce ba zai yiwu ta zauna tana yi maka dariya baki buɗe kana cin tuwo ba. In ka tafi za a juyo da shi."

Na wanke hannu, na ce bismillah. Miyar kuka ce da man shanu, kuma an cika mini nama.